Daga Kukawa zuwa Boston: Gurbin ɗan Borno a farkon adabin Amurka

A watan Oktoba na shekarar 1867, mujallar The Atlantic Monthly da ake bugawa a birnin Boston ta fito da wani rubutu mai taken "A Native of Bornoo", wato ɗan asalin Borno. Mujallar ba kanwar lasa ba ce. Shekara 10 kafin nan aka kafa ta, kuma manyan marubutan Amurka na lokacin, irin su Ralph Waldo Emerson da Henry Wadsworth Longfellow da Harriet Beecher Stowe, suna cikin waɗanda suka aza harsashinta. Duk wanda rubutunsa ya shiga cikinta, to, ya zauna tabarma ɗaya da manya.

Mutumin da ya ba da labarin rayuwarsa a wannan fitowa haifaffen Kukawa ne, fadar Shehunan Borno kafin a kafa Yerwa. Sunan yankansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, amma Amurkawa sun san shi da Nicholas Said. Shekara 6 bayan haka, a 1873, ya faɗaɗa labarin ya zama cikakken littafi, aka buga shi a birnin Memphis.

Ɗalibin da ke nazarin adabin Ingilishi a Maiduguri ko Kano ko Zariya, idan aka zo kan farkon adabin Amurka, jerin sunaye yake haddacewa: Bradford, Franklin, Irving, Emerson, Hawthorne, Melville, Whitman. Jerin ba ƙarya ba ne, sai dai yana sa a ɗauka cewa zance ne na wasu mutane can nesa, wanda bai shafi kowa a nan ba. Littafin ɗan Kukawa yana nuna akasin haka. Amma kafin a gane inda ya tsaya, sai an san gidan da ya shiga da waɗanda ya tarar a ciki, domin kusan kowane salo da ya yi amfani da shi gado ne na shekara fiye da 200 na rubutu a wannan ƙasa.

Alƙalamin masu wa'azi

Kafin zuwan Turawa, al'ummomin asali na nahiyar suna da adabinsu na baka: labaran halitta, waƙoƙin ibada, tatsuniyoyi da jawaban dattawa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan cewa adabi ya girmi takarda. Rubutu da Ingilishi kuwa ya soma ne da rahoton baƙi. An kafa matsugunin Jamestown a 1607, kuma a shekara mai bi aka buga rahoton Kyaftin John Smith a Landan, yana ba mutanen gida labarin abin da aka tarar. Rubutu ne na talla da neman masu zuba jari, kuma ba a rasa ƙarin gishiri a cikinsa ba.

Waɗanda suka bar tabo mai zurfi su ne 'yan Furitan, wato Kiristocin Ingila da ke ganin cocin ƙasarsu ya cika da bidi'a, suka yi ƙaura domin su kafa al'umma a kan tsantsar littafinsu. Rukunin farko ya sauka Plymouth a 1620, babban ayari kuma ya biyo baya a 1630 ƙarƙashin John Winthrop. Mutane ne masu tsananin son karatu, saboda a aƙidarsu dole kowa ya karanta littafi mai tsarki da kansa. Sun kafa kwalejin Harvard a 1636, kuma a 1640 maɗaba'arsu ta fitar da littafi na farko da aka buga a yankin da Ingila ke mulka, fassarar Zabura ce domin rerawa a coci. A 2013 an sayar da kwafi ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a kan dala miliyan 14 da 'yan kai.

Ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo ba su da daraja a idonsu. Abin da suka rubuta shi ne huɗuba, da tarihi, da waƙar tunatarwa, da littafin sirri wanda mutum ke yi wa kansa hisabi kullum. William Bradford, gwamnan Plymouth, ya rubuta tarihin ƙaurarsu yana fassara kowace yunwa da kowace annoba da kowace nasara a matsayin hukuncin Ubangiji. Anne Bradstreet, uwar 'ya'ya 8, ita ce mawaƙiyarsu ta farko, an buga waƙoƙinta a Landan a 1650, kuma waɗanda suka fi daɗewa a zukatan masu karatu su ne na cikin gida: ƙaunar miji, mutuwar jikoki, da gobarar da ta cinye gidanta. A 1741 Jonathan Edwards ya yi huɗubarsa ta azabar wuta wadda ta sa masu sauraro kururuwa. Wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi na malaman ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, masu siffanta kabari da hisabi da gudun duniya, zai ji wannan adabi ba baƙo ba ne a kunnensa, duk da bambancin addini.

Wani salo da ya fito daga cikinsu shi ne labarin kamu. A 1676, lokacin yaƙi tsakanin baƙi da 'yan asalin ƙasa, an kama Mary Rowlandson, matar wani limamin coci, ta yi mako 11 a hannun waɗanda suka kama ta kafin a fanshe ta da fam 20. Littafinta ya fito a 1682, ya yi kasuwa ƙwarai. Tsarinsa mai sauƙi ne: ana zaune lafiya, sai hari, sai tafiya mai wahala cikin baƙin mutane, sai kuɓuta, sai godiya ga Allah. A riƙe wannan tsari, domin zai sake dawowa a bakin waɗanda Turawan da kansu suka kama.

Zamanin hujja da tambayar da aka kauce wa

A ƙarni na 18 alƙalami ya tashi daga hannun limamai ya koma hannun masu maɗaba'a da lauyoyi da 'yan siyasa. Wannan shi ne zamanin da ake kira na wayewar hankali, inda hujja da gwaji suka soma gogayya da nassi. Benjamin Franklin shi ne fuskar zamanin. Ɗan mai yin kyandir ne, bai yi makaranta mai tsawo ba, ya gudu daga wurin yayansa da ke koya masa aikin ɗab'i, ya isa Philadelphia ba shi da komai, ya mutu yana cikin mashahuran duniya. Kalandarsa ta shekara-shekara, wadda ya yi ta bugawa daga 1732 har tsawon shekara 25, cike take da karin magana a kan tattali da himma. Tarihin rayuwarsa kuwa ya ɗauki hisabin nan na 'yan Furitan ya juya shi zuwa duniya: maimakon mutum ya auna kusancinsa da Aljanna, sai ya auna yadda ya gina kansa daga babu.

A watan Janairu na 1776 Thomas Paine ya fitar da ƙasidarsa Common Sense, da harshen da manomi da maƙeri za su gane, yana cewa babu dalilin da zai sa tsibiri ya mulki nahiya. Wata 6 bayan nan Thomas Jefferson ya tsara takardar ayyana 'yancin kai, wadda ta ce an halicci mutane daidai wa daida. Mutumin da ya rubuta wannan ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Wannan saɓani shi ne ƙashin da ya tsaya wa adabin Amurka a wuya har zuwa yaƙin basasa, kuma ba za a ce ya gama wucewa ba.

A daidai lokacin akwai wata yarinya a Boston da aka kawo daga Afirka ta Yamma a 1761, tana da kimanin shekara 7, aka laƙaba mata sunan jirgin da ya kawo ta da na gidan da ya saye ta: Phillis Wheatley. Ta koyi Ingilishi da Latin, ta soma waƙa. Da aka tashi buga littafinta a Landan a 1773, sai da manyan Boston 18, har da gwamna, suka sa hannu a takardar shaida cewa lalle ita ce ta rubuta. Jefferson ya yi wa waƙoƙinta kallon raini a rubuce, domin idan ya yarda baiwa tana iya waƙa, to, hujjarsa ta bauta ta rushe. Wheatley ta rasu a 1784 cikin talauci. Daga kanta aka kafa wata al'ada mai ɗaci: baƙar fata ya rubuta, amma sai Bature ya tsaya masa kafin a gaskata shi.

Neman murya ta kansu

Bayan 'yancin kai Amurkawa sun ci gaba da karanta littattafan Ingila, har a 1820 wani mai sharhi a Birtaniya ya yi musu ba'a yana tambayar ko akwai mai karanta littafin Amurka a faɗin duniya. Amsar ta soma zuwa daga Washington Irving, mai labarin Rip Van Winkle, malalacin da ya yi barcin shekara 20 a dutse, ya farka ya tarar an sauya sarki da shugaban ƙasa. James Fenimore Cooper ya kai ƙagaggen labari cikin daji da bakin iyaka, musamman a The Last of the Mohicans na 1826, inda ya yi wa 'yan asalin ƙasa makoki alhali suna raye ana korar su daga gonakinsu. Wannan ne zamanin adabin shauƙi, wanda ya fifita zuciya da daji da mutum ɗaya tilo a kan ƙa'ida da birni da taro.

A 1836 Emerson ya fitar da ɗan littafinsa Nature, wanda ya zama tushen abin da za a iya kira tafarkin ilhama. Masu wannan ra'ayi, waɗanda suka taru a garin Concord kusa da Boston, suna ganin gaskiya ba sai ta biyo ta hannun limami ko tsohon littafi ba, kowane mutum yana iya riskarta ta cikin zuciyarsa da duban halitta. Almajirinsa Henry David Thoreau ya gwada abin a aikace: ya gina bukka a bakin tafkin Walden ya zauna shekara 2, kuma a 1846 ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ke kare bauta. Ƙasidar da ya rubuta a kan bijire wa zalunci ba tare da makami ba ta kai hannun Gandhi, daga baya ta kai hannun Martin Luther King.

Ba kowa ya yarda zuciyar mutum haske ce zalla ba. Edgar Allan Poe ya leƙa tsoro da hauka da kisa, kuma shi ake dangantawa da ƙirƙiro labarin jami'in bincike. Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito daga zuriyar ɗaya daga cikin alƙalan da suka yi shari'ar maita a Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19, ya rubuta The Scarlet Letter a 1850 a kan zunubi da munafuncin masu hukunci. Herman Melville ya biyo da Moby-Dick a 1851, labarin matuƙin jirgi da ramuwar gayya ta halaka shi da mutanensa. Littafin bai yi kasuwa ba sai bayan mutuwar mai shi. A 1855 Walt Whitman ya fitar da Leaves of Grass, ya yi watsi da amsa-amo da ma'aunin da aka gada. Emily Dickinson kuwa tana ɗakinta a Amherst, ta bar waƙoƙi kusan 1,800 waɗanda 'yan kaɗan ne aka buga tana raye. Waɗannan 'yan shekaru, daga 1850 zuwa 1855, su ne masana suka yi wa laƙabi da farfaɗowar adabin Amurka.

Sai dai littafin da jama'a suka yi rububinsa a lokacin ba ya cikin waɗannan. Uncle Tom's Cabin na Stowe ne, wanda ya fito a 1852, aka sayar da kwafi kusan 300,000 a shekararsa ta farko a Amurka. Labarin bauta ne, kuma Stowe ta ɗebo kayan aikinta da yawa daga bakin bayin da suka gudu.

Waɗanda aka hana alƙalami

Idan akwai salon da za a ce Amurka ce ta raine shi, to, labarin bawa ne da bakinsa. Tun 1740 yankin South Carolina ya yi dokar hana koya wa bawa rubutu, kuma bayan tawayen Nat Turner a 1831 jihohin Kudu da dama suka ƙara tsanantawa. A irin wannan ƙasa, bawa ya riƙe alƙalami ya ce "an haife ni a wuri kaza" ya riga ya karya doka, ya kuma karya hujjar ubangidansa. Frederick Douglass ya fitar da nasa a 1845, da bayani a bango cewa shi da kansa ya rubuta, amma duk da haka sai da fitattun Turawa 2 masu yaƙi da bauta suka yi masa gabatarwa. Harriet Jacobs ta fitar da nata a 1861, ta faɗi abin da baiwa mace ke gani a hannun ubangida, wanda maza ba su faɗa ba. Tsarin shi ne na Mary Rowlandson, an dai juya shi: yanzu gidan Kirista mai zuwa coci shi ne wurin kamu, kuɓuta kuma ita ce gudu zuwa Arewa.

A cikin wannan salo akwai wani reshe da ya shafi wannan yanki kai tsaye, na Musulmin Afirka ta Yamma waɗanda suka isa can da iliminsu. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu a ƙasar Senegal ta yau, an kai shi Maryland, wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin kuɓutarsa, aka buga labarinsa a Landan a 1734, ya kuma koma gida. Umar ɗan Sa'id na Futa Toro ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831 a North Carolina, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Masana da dama suna ganin zaɓen surar ba haɗari ba ne: mutumin da aka mallaka yana tunatar da wanda mulki yake hannunsa. Ya mutu yana bawa, kuma rubutun nasa yana Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka tun 2017. Sai Muhammadu Gardo Baƙuaƙua, ɗan Zugu a arewacin Binin ta yau, zangon fatake a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, wanda mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An kai shi Birazil, ya tsere daga jirgi a New York a 1847, aka buga labarinsa a Detroit a 1854, shekarar da Walden na Thoreau ya fito.

Ɗan Barka Gana

An haifi Muhammad Ali a Kukawa wajen shekarar 1836, wato kusan lokacin da Emerson ke fitar da Nature. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, babban kachallan Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, kuma ba sai an dogara da maganar ɗansa kaɗai ba: Baturen nan Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823 tare da Clapperton, ya bi rundunar Barka Gana zuwa ƙasar Mandara, ya kuma yi dogon bayani a kansa a littafin tafiyarsa. Mahaifiyarsa 'yar Mandara ce. Ya yi karatun allo kamar kowane yaro na gidan manya.

Yana ɗan saurayi, bayan rasuwar mahaifinsa, ya fita farauta da abokansa, sai mahara Buzaye suka afka musu. Bisa ga labarinsa, an bi da shi Katsina, inda aka sayar da shi, sannan Damagaram, sannan aka keta Sahara zuwa Murzuƙ da Tarabulus. Ya yi hidima a shagon taba, ya raka ubangidansa Makka, aka sake sayar da shi har ya faɗa gidan Fu'ad Fasha, ministan harkokin waje na daular Usmaniyya a Santambul. Daga can ya shiga hannun Yarima Menshikov, jakadan da Rasha ta aiko a 1853 gab da yaƙin Kirimiya. A ƙasar Rasha ya fita daga bauta ya zama hadimi, kuma a 1855, a birnin Riga, aka yi masa baftisma bisa matsin sabon ubangidansa Yarima Nicholas Trubetzkoy, wanda ya ba shi sunansa. Tare suka zaga Jamus da Italiya da Faransa da Ingila, yana tsintar harsuna a hanya, har ya zama ban da Kanuri da Mandara da Larabci yana jin Turkanci da Rashanci da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci. Ingilishi, harshen da ya yi rubutu da shi, yana cikin na ƙarshe da ya koya.

A Landan ya ƙudura komawa gida. Sai wani ɗan ƙasar Holan ya lallashe shi ya raka shi yawo zuwa Amurka, suka sauka a 1860, suka zaga har Haiti da Kanada, a can mutumin ya ranci kuɗinsa ya ɓace. Haka ɗan kachalla ya tsinci kansa ba ko anini, ya gangara Detroit yana koyarwa. Da aka buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja a yaƙin basasa, ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863, ya kai muƙamin saje. Wannan runduna tana cikin waɗanda suka ƙi karɓar albashi na tsawon fiye da shekara, saboda ana ba su dala 10 a cire 3 na kaki, alhali farin soja yana karɓar 13. Bayan yaƙi bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu yana koyar da 'yantattun bayi karatu a South Carolina da Georgia da Alabama, a ƙasar da 'yan shekaru kaɗan baya wannan aiki laifi ne a gaban alƙali.

Wanda ya karanta littafinsa da sanin abin da ya gabata zai ga dukkan kogunan nan sun haɗu a cikinsa. Akwai labarin kamu irin na Rowlandson, da hari da doguwar tafiya da ƙishirwa. Akwai labarin sauyin aƙida irin na 'yan Furitan, domin daga baya ya rungumi koyarwar Emanuel Swedenborg, malamin nan ɗan Suwidin wanda Emerson ma ya yi rubutu a kansa. Akwai Franklin, mutumin da ya gina kansa da karatu. Amma ta wata fuskar littafin ya ƙi shiga layin Douglass. Sa'id bai taɓa yin bauta a Amurka ba, ya shigo ne da ƙafarsa. Douglass bai san ranar haihuwarsa ba, bai tabbatar da mahaifinsa ba. Sa'id kuwa ya buɗe da ƙasa mai sarki da fada da runduna da malamai da tarihi, yana gaya wa mai karatu Ba'amurke, wanda aka koya wa cewa Afirka duhu ce, cewa ga inda ya fito. Wannan shi ne babban abin da ya ƙara wa adabin: baƙar fata mai kallon Turai da Amurka da idon matafiyin da ya ga Makka da Santambul, yana auna su kamar yadda Denham ya auna Kukawa.

Akwai kuma abin da ya ɓoye. A rubutun 1867, wanda aka buga a Boston, an gabatar da shi a matsayin tsohon soja. A littafin 1873, wanda aka buga a Memphis kuma yake sayarwa a garuruwan Kudu, ya tsallake shekarun yaƙin gaba ɗaya, ko kalma ɗaya babu a kan kakin da ya sa. Ba a bukatar dogon nazari kafin a gane dalili. Lokacin ne ƙungiyar Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙaƙe tana kashe malamansu, kuma baƙin da ya ɗauki bindiga ya yaƙi Kudu shi ne abin farauta na farko. Wasu za su kira wannan rauni a littafin. Ya fi kyau a karanta shi a matsayin shaida: shekara 100 cif bayan Wheatley ta nemi sa hannun mutum 18, marubuci baƙar fata yana lissafin abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye kafin ya kwana lafiya.

Mai karatu a nan gida ma littafin ba zai bar shi ya yi alfahari kawai ya wuce ba. Ba Bature ne ya kama Muhammad Ali ba, ba kuma jirgin ruwa ne ya ɗauke shi ba. A kasuwannin wannan yanki aka yi cinikinsa, ta hanyar da ayarin Borno da na Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi da bayi zuwa Fazzan. Harin Mandara da Denham ya raka mahaifinsa, neman bayi yana cikin manufarsa, kuma Denham ya rubuta cewa shi kansa Barka Gana bawa ne da ya shigo hannun Shehu tun yana yaro, ya taka har ya zama jagoran runduna. Uba bawa ne mai kama bayi, ɗa kuma an kama shi an sayar. Tarihin bauta a Borno da ƙasar Hausa ba a cika son buɗe shi a zaure ba, ga shi kuwa ɗan gida ya rubuta shi da sunayen garuruwa da na iyayengiji ɗaya bayan ɗaya.

Sa'id bai sake ganin Kukawa ba. Shekara 20 bayan fitowar littafinsa, a 1893, Rabeh ya ci birnin ya rushe shi, kuma a 1907 fadar Shehu ta dawo Yerwa, inda Maiduguri take a yau. Littafin ya daɗe a kwance ba mai waiwayarsa, sai a 'yan shekarun baya masana tarihin Musulmin Amurka suka tono shi, kuma a 2023 wani ɗan jarida Ba'amurke, Dean Calbreath, ya fitar da cikakken tarihin rayuwarsa mai suna The Sergeant. Jami'ar North Carolina ta sa ainihin littafin na 1873 a intanet kyauta, cikin taskarta ta labaran bayi, tare da na Douglass da na Jacobs da na Baƙuaƙua. Babin farko yana magana ne a kan Kukawa da tafkin Chadi da yaƙe-yaƙen Shehu al-Kanemi, kuma wanda ya san ƙasar zai gane garuruwa da dama a ƙarƙashin baƙon rubutun da aka yi wa sunayensu.